Likitar Da Ta Saurari Matan Ankara: Darasi Ga Masu Shanu A Kan Kwanon Yaro Da Na Tsoho

A wannan fitowa mun ɗan jingine zancen farashin kara, da canjin sefa da sidi, da wahalar shingayen da ke tsakanin Paga da Ankara, domin mu taɓo wata magana da ke cikin gidajenmu, wadda ba mu cika zama mu yi ta ba. Maganar kuwa ita ce ta abin da dattawanmu da yaranmu na yaye suke ci.

Duk wanda ya taɓa kwana a Nima ko Mamobi ya san yadda safiya take. Tun kafin rana ta fito za ka ga yara riƙe da kwanoni sun yi layi wajen mai koko. A kai wa Baba nasa a ɗaki, a zuba sukari, in da hali a haɗa masa da burodi. Abin da ya rage a kwanon sai a miƙa wa ɗan jikan da aka kawo wa Hajiya yaye. Da rana a ɗan taɓa dokunu ko gari, da dare kuma tuwo da miyar da naman cikinta ya ƙare tun a kwanon maigida da baƙinsa. Alhali kuwa gidan nan na mai shanu ne, jiya-jiya tirelarsa ta sauke kai talatin da wani abu a Tulaku. To, wannan kwanon koko da tsoho da jikansa suke rabawa shi ne ya sa muka ga ya dace mu kawo muku tarihin wata likita da ta yi aiki a nan Ankara sama da shekara 90 da suka wuce, da abin da masana suka ɗora a kan aikinta har zuwa yau.

RUGA DA ASIBITI

A shekarar 1931 ne Malam Amadu Futa, Bafulatani malami kuma mai fataucin shanu, ya samu izini daga gidan Odoi Kwao na Osu ya sauka a wani fili da ke bayan gari, domin shanun da aka koro a ƙasa daga arewa su huta su yi kiwo kafin a shiga da su kasuwa. Wannan ruga ita ce ta bunƙasa ta zama Nima. Watau ke nan tushen unguwar nan tamu shi ne sanin da masu shanu suka yi, cewa dabbar da ta sha tafiya ta zube ba ta mai da jiki sai da abinci na kirki.

A daidai wannan lokaci, can cikin gari kusa da kasuwar Makola, a asibitin yara na Princess Marie Louise wanda aka buɗe a 1926, akwai wata likita mace mai suna Dakta Cicely Williams da take fama da wata cuta da ke ɗauke yara, wadda babu ita a littattafan da ta karanta a makaranta.

An haife ta ran 2 ga watan Disamba 1893 a tsibirin Jamaika. Ta yi karatu a Jami'ar Oksfod ta Ingila a zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da samari suka tafi fagen fama har aka ga tilas a buɗe wa mata ƙofar karatun likita. Ta kammala a 1923, ta yi aiki a wani asibitin yara da ke unguwar talakawa a Landan, ta je ƙasar Girka ta yi aiki cikin 'yan gudun hijira, sa'an nan ta komo ta karanci cututtukan ƙasashe masu zafi. A 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta turo ta Gwalkwas, wato Gana ta yau, a matsayin "likita mace", muƙamin da darajarsa da albashinsa ba su kai na maza ba. Ta taɓa aiki a Koforidua da Kumasi, amma a Ankara ta yi aikin da ya fito da sunanta.

CUTAR DA MATA SUKA RIGA LIKITOCI SANI

Yaran da ake kawo mata yawancinsu 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu ne. Ƙafafu da hannuwa sun kumbura, fuska ta yi suntum, gashi ya yi ja ya yi laushi yana zubewa, fata ta yi baƙi-baƙi tana saluɓewa a ɗuwawu da matsematsi da bayan gwiwa kamar wanda ya ƙone. Ga zawo, ga ƙin abinci, yaro ba ya wasa sai ƙananan kuka. Waɗanda aka makara kawowa da wuya su tashi. Da ta binciki gawar wasu daga cikinsu sai ta tarar hantarsu ta cika da kitse ta koɗe. Mahautanmu sun san irin wannan hanta in sun gan ta a kwata, sun kuma san ba ta lafiyayyar dabba ba ce.

Abin da ya bambanta Dakta Williams da sauran likitocin Turawa na zamanin shi ne ba ta tsaya a kan gadon asibiti kaɗai ba. Takan tambayi uwa, me yaron nan yake ci? Yaushe aka cire shi daga nono? Wa yake riƙonsa? Ta bar iyaye mata su kwana da 'ya'yansu a asibiti, abin da ba a saba yi ba a lokacin, tana kuma tura ma'aikata su bi su gida su ga tukunya da idonsu. A nan ta gano cewa kusan duk yaran nan labarinsu ɗaya ne: uwa ta samu wani ciki, ko ta rasu, aka cire yaro daga nono aka ɗora shi a kan kunun masara da mutanen nan ke kira akasa, da dokunu, safe da rana da dare. A bakin mutanen gari kuma ta ji sunan da 'yan ƙabilar Ga suke kiran cutar da shi tun kaka da kakanni, wato kwashiyoko, ma'ana ciwon da yaro ke yi in an yi masa ƙane.

Ai mu ma Hausawa ba baƙin wannan sani ba ne. Muna da kalmar kwanika, wasu su ce rurrutsa, in mace ta samu ciki tana goyo. In yaron ya lalace sai mu ce ya sha ciki. Tsofaffinmu sun ga abin daidai, sai dai sun ɗora laifin inda ba nan yake ba. Likitoci sun tabbatar nonon mai ciki ba ya zama dafi. Abin da ke kada yaro shi ne a tsige shi daga nono farat ɗaya, a kai shi gidan kaka, a bar shi da koko tsura. Kowane makiyayi ya san abin da ke samun maraƙin da aka tatse uwarsa ƙarƙaf aka bar shi da busasshiyar ciyawa.

A 1933 ta buga bayanin cutar a wata mujallar likitocin yara ta Ingila, ta nuna tana da nasaba da abincin masara, ta kuma ce mai yiwuwa ƙarancin furotin ne, wato sinadarin gina jiki da ake samu a nono da nama da kifi da ƙwai da wake. A 1935 ta sake bugawa a mujallar Lancet, wannan karon da sunan nan na yaren Ga. Maganin da ta ga yana aiki kuwa ba allura ba ce, madara ce da man hantar kifi, in an fara da wuri.

Manya a Landan ba su ji daɗi ba. Wani ƙwararre mai suna Dakta Hugh Stannus ya tsaya kai da fata cewa wannan tsohuwar cuta ce da aka riga aka sani mai suna felagara, wadda ita ma take kama masu dogaro da masara. Ita kuwa ta amsa masa da abin da idonta ya gani: felagara ta fi kama manya, tana kuma ɓata fatar da rana ke duka, wannan kuwa yara take kamawa, tana cin wuraren da rana ba ta kai wa. Daga baya duniya ta yarda ita ce da gaskiya. Amma kafin nan, a 1936, bayan shekara bakwai a Gwalkwas, aka yi mata canjin wurin aiki zuwa Malaya, can gabashin duniya.

MADARAR GWANGWANI DA GIDAN KASO

A birnin Singafo ta tarar da wata masifar ta daban. Kamfanonin madara suna sa wa 'yan mata kaya irin na ma'aikatan asibiti, suna tura su gida-gida su shawo kan mata matalauta su bar shayarwa su koma madarar gwangwani mai sukari. Uwa ba ta da kuɗin saye isasshiya, sai ta tsinka ta da ruwan da ba shi da tsabta, jariri ya kama zawo ya tafi. A 1939 Dakta Williams ta tsaya gaban manyan 'yan kasuwar birnin a kulob ɗin Rotary ta yi wani jawabi da ta sa wa suna "Madara da Kisan Kai". Kun ga ikon Allah, matar da ta ceci yaran Ankara da madara ita ce ta tashi tana yaƙi da tallar madara. Ba saɓani a ciki: madara magani ce ga yaron da aka riga aka yaye aka bar shi da kunu, amma ba ta maye gurbin nonon uwa ga jariri.

Da sojojin Japan suka ci Singafo a watan Fabrairu 1942, aka tsare ta tare da sauran Turawa a kurkukun Changi. A ƙarshen 1943 'yan sandan asirin Japan suka ɗauke ta suka kulle ta wata da watanni a wani ɗan ƙuntataccen ɗaki tare da maza. Yunwar da ta yi shekaru tana nazari a jikin 'ya'yan wasu sai ga ta a jikinta. Ta rame ƙwarai, rashin bitamin B1 ya taɓa mata jijiyoyin ƙafa, abin da bai sake ta ba har ƙarshen rayuwarta. Duk da haka ita ce mai kula da yaran sansanin, ta kuma bayar da labarin cewa jarirai 20 aka haifa a tsare, duka an shayar da su nonon uwa, duka kuma sun rayu.

Bayan yaƙi, a 1948, sabuwar Hukumar Lafiya ta Duniya ta naɗa ta shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro a Jeniba. Daga nan ta yi bincike a ƙasarta Jamaika, ta koyar a Landan, da Bairut inda ta yi aiki da 'yan gudun hijirar Falasɗinu, da kuma Amurka. A 1986 Jami'ar Gana ta Legon ta kira ta ta ba ta digirin girmamawa, tana da shekara 92. Ta rasu a Oksfod ran 13 ga watan Yuli 1992 tana da shekara 98.

INDA AIKINTA YA KAI

Sunan da ta ɗauko daga bakin matan Ankara ya shiga littattafan likita na duniya baki ɗaya. A 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a kan kwashiyoko a Afirka, 'yan uwanmu na Nijeriya kuwa sun ga hotunanta a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Yaƙin da ta fara da tallar madara shi ma bai mutu ba. Wani likita ɗan Ankara da ya yi suna a fannin abinci, Farfesa Fred Sai, shi ya shugabanci babban taron da aka yi a Jeniba a 1979, wanda ya kai ga dokar duniya ta 1981 da ta taƙaita tallar madarar jarirai.

Ilimi kuma bai tsaya inda ta bar shi ba. Daga wajen 1974 masana suka fara nuna cewa an zuzuta zancen furotin fiye da kima, domin yawancin yara masu tamowa abincin ne gaba ɗaya bai ishe su ba. A yau an san cewa ban da ƙarancin furotin akwai hannun wasu abubuwa a cikin kwashiyoko, kamar ƙyanda da zawo, da ƙarancin wasu ƙananan sinadarai, da yanayin ƙwayoyin halittar da ke cikin hanjin yaro. Amma maganin har gobe yana kan turbar da ta shata. Haɗin nan na gyaɗa da garin madara da mai da sukari da ake ba yara a 'yar leda, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, jikan madararta ne. Mutanenmu na Maraɗi sun san shi sarai, domin a yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi, mafi yawansu kuma a gaban iyayensu a gida.

DAGA YAYE ZUWA FURFURA

To, wani zai ce, wannan ai labarin yara ne, ina ruwan Baba da ke ɗaki? Nan ne fa maganar take.

A 1989 wani likitan Ingila, Farfesa David Barker na Jami'ar Southampton, ya bi tsofaffin rajistocin ungozomomi na wata gunduma, ya gano cewa waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi, ko suka tsumbure a shekararsu ta farko, sun fi mutuwa da ciwon zuciya bayan sun manyanta. Binciken da ya biyo baya a wannan gunduma ya nuna har ƙarfin damƙar hannunsu a tsufa bai kai na sauran ba. Watau kwanon yaye yana bin mutum har furfura.

A wannan shekara ta 1989 kuma wani masani a Amurka, Farfesa Irwin Rosenberg, shugaban cibiyar nazarin abinci da tsufa ta Jami'ar Tufts da ke Boston, ya yi irin abin da Dakta Williams ta yi: ya ɗauki abin da kowa yake gani amma ba a ɗauke shi cuta ba, ya sa masa suna. Ya kira zubewar tsokar da ke zuwa da tsufa sakofeniya, daga kalmomin Girkanci biyu da in aka fassara su za su ba da "talaucin nama". Ku ji fa, 'yan uwa, talaucin nama, a gidan masu nama! Masana sun auna sun ga daga shekara 30 mutum yakan rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a kowace shekara goma, bayan 60 kuma abin yana ƙara gudu. Shi ne za ka ga dattijon da a da yake kada bijimi shi kaɗai, yau sai ya dafa bango zai tashi daga buzu. Daga nan sai faɗuwa a banɗaki, sai karayar ƙugu, sai kwanciya, kwanciyar kuma ta ƙarasa cinye sauran tsokar.

Mu mukan ce ai tsufa ne, ba shi da magani. Tsufa kam ba shi da magani, amma wannan ɓangare nasa yana da dabara. A 1990 wata likita a wannan cibiya ta Boston, Dakta Maria Fiatarone, ta ɗauki tsofaffi goma 'yan shekara 86 zuwa 96 a gidan kula da gajiyayyu, ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako har mako takwas. Waɗanda suka kammala, ƙarfin ƙafarsu ya ninka fiye da sau biyu. A 2013 kuma wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa ya ba da shawarar cewa wanda ya haura 65 yana bukatar furotin fiye da matashi, giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa a kullum, maimakon 0.8 da aka ƙayyade wa sauran manya. Dalili kuwa shi ne tsohon jiki ba ya juya abinci ya zama tsoka da sauƙi kamar na yaro. Ashe mun juya lissafin: muna cewa tsoho ba ya aikin ƙarfi, koko ya ishe shi.

Wannan ba matsalar Turawa ba ce kaɗai. Ƙidayar 2021 ta nuna akwai mutum kusan miliyan 2 a Gana da suka kai shekara 60 ko suka wuce. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi da Jami'ar Gana a 2007 zuwa 2008 ya tarar sama da rabin waɗanda suka haura 50 suna da hawan jini, yawancinsu ba su ma sani ba. Marigayiya Farfesa Nana Araba Apt ta Legon, wadda tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar HelpAge Ghana, ta yi gargaɗi tun a littafinta na 1996 cewa ƙaura zuwa birane da tsadar rayuwa suna kwance igiyar zumuncin da tsofaffi suka dogara da ita. Mu da muke wata guda a hanya tsakanin Fada Ngurma da Putenga da Kumasi, muna aiko da kuɗin cefane ta waya ba tare da mun ga abin da aka zuba a kwano ba, ai da mu take.

LISSAFIN KWANO

Mu 'yan lissafi ne, bari mu buga. Dattijo mai nauyin kilo 60 yana bukatar furotin giram 60 zuwa 72 a yini, an fi so kuma a raba shi sau uku, kada a tara masa a dare. Dafaffiyar tsoka mai girman tafin hannu, wato kamar giram 100, tana ba da wajen giram 25. Ƙwai ɗaya giram 6. Kofin nono ko madara giram 8. Kofin dafaffen wake wajen giram 13. Gyaɗa cikin tafi ɗaya wajen giram 7. Kun ga ke nan ba sai an yanka sa ba. Kokon nan na safe in aka haɗa shi da ƙosai da dafaffen ƙwai, ko aka dama shi da madara ko tunkuza, ya tashi daga ruwa ya zama abinci. Da rana shinkafa da wake da ɗan kifi ko wagashi, ko fura da nono mai kauri. Da dare tuwo da miyar ganye da tsoka a ciki, tsoka fa, ba ganda da romo ba.

Sai dai a lura da haƙori. Mu da ba ma sayen saniya sai mun buɗe bakinta, mun san guzumar da haƙoranta suka cinye ko an sake ta a dausayi ramewa za ta yi, sai an jiƙa mata dusa. Haka Baba yake. Tsire da kilishi da soyayyen nama tsarabar masu haƙori ce. In ka kawo masa zai sa maka albarka, ka juya baya ya miƙa wa jikoki, don kunya ba za ta bar shi ya ce ba ya iya taunawa ba. A yi masa dambun nama, ko a niƙa naman a zuba a miya, ko a dafa farfesu ya yi luguf. Hanta kaɗan sau ɗaya a mako tana ba da sinadarin ƙarfe da bitamin B12, wanda daga abincin dabba ake samunsa, cikin tsoho kuma ba ya tsotsarsa sosai.

Kada kuma a ce mun ce a cika wa tsoho kwano da kitse da tozo. Ga mai hawan jini ko ciwon sukari, a yanke kitsen, a sassauta gishiri da magi, a rage sukarin koko da na shayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini duka kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya. A riƙa sauya nama da kifi da wake. Wanda likita ya ce ƙodarsa ta taɓu, kada a ƙara masa nama sai da shawarar likitan. Nono kuma a tafasa shi kafin a kwantar, domin tarin fuka da bakkale suna iya tsallakowa daga saniya zuwa mutum ta ɗanyen nono.

Abinci kaɗai kuma bai isa ba, sai da motsi. Dabbar da aka turke ba ta motsi kitse take tarawa. Mu daina hana dattawa tafiya da sunan girmamawa. A bar Baba ya taka zuwa masallaci da majalisa, ya leƙa kasuwar Laraba ta Nima, in da hali a ɗauke shi zuwa kara ya zaga cikin shanu ya yi ciniki da bakinsa. Da tsohuwar zuma ake magani, mu ma za mu ƙaru da idonsa.

Ga gwaji biyu da kowa zai iya yi a gida. Ga tsoho, a zaunar da shi a kujera ya naɗe hannuwa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar. In ya wuce daƙiƙa 15, ko ya kasa sai da dafawa, tsoka ta fara tafiya, a kai shi a duba shi. Ga yaro kuwa, a danna babban yatsa a bayan ƙafafunsa biyu a ƙirga uku. In aka ɗaga wurin ya loɓa bai taso ba, wannan kumburi ne ba ƙiba ba, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Asibitin Mamobi yana kusa da mu, asibitin Princess Marie Louise ma yana nan inda Dakta Williams ta bar shi, har yanzu ana jinyar yara masu tamowa a cikinsa. A tuna kuma a tsarin inshorar lafiya na Gana an ɗauke wa wanda ya kai shekara 70 biyan kuɗin shekara, sai dai a yi masa rajista a riƙa sabunta katin.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan uwa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba wanda ya ce ba ma ƙaunar iyayenmu. Muna yi musu ɗinkin salla, muna biya musu kujerar Makka, in sun kwanta muna kashe ko nawa ne. Abin da ya kuɓuce mana shi ne ɗan abin nan na kullum. A al'adarmu maigida da baƙi ake fara tsame wa nama, tsoho da ɗan yaye su ne na ƙarshe, su ne kuma ba sa buɗe baki su tambaya.

Shawararmu ga kowane ɗan ƙungiya ita ce, ranar da ka sauka daga tafiya, kafin ka zauna lissafi da mai masauki, ka shiga ɗakin Baba ko na Hajiya lokacin cin abinci ka buɗe kwanon da hannunka. Ka tambayi uwargida abin da suka ci jiya da shekaranjiya, ba da faɗa ba, ka kuma ware kuɗin ƙwai da nono da kifi daban da na cefane. Ka riƙa kama damtsen tsohonka in kuna gaisawa, kamar yadda kake dafa gadon bayan sa ka san ko ya ci ko bai ci ba. Shugabannin rassa kuma su duba tsofaffin 'yan koren shanu da dillalan da ƙarfinsu ya ƙare, waɗanda ba su da kowa a Ankara, ko da tsoka ɗaya ce daga kwata a kowace Juma'a. Mun san mahautanmu ba za su ƙi ba in sarkin fawa ya yi magana.

Dakta Williams ba ta zo da wata na'ura ba. Tambaya ta yi, ta saurari amsar mata, ta leƙa tukunya. Wannan kuwa ba ya bukatar digiri.

Wanda yake da ƙarin bayani ko gyara, ko wata dabarar girki da ta karɓi tsofaffin gidansa, ya aiko mana ta hannun sakataren reshensa, za mu buga. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya raya mana zuriya, ya kai kowa gida lafiya da dukiyarsa, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.